Kejin Waya da Lafiyar Abin da Ke Cikinsa

A cikin shirinmu na ilmin kimiyya na yau za mu yi magana a kan wani abu da kusan kowa ya sani, amma ba kowa ya taɓa tsayawa ya yi masa duban basira ba, watau kejin waya, wanda a ke ajiye tsuntsaye da kaji da zomaye da sauran ƙananan dabbobi a ciki. Za mu ɗauki birnin Jidda na ƙasar Sa'udiyya ya zama makarantarmu, saboda dalili biyu. Na fari, gari ne da Hausawa suka sani ƙwarai. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekara ta 26 bayan Hijira, Jidda ta zama mashigar masu zuwa Makka ta teku, kuma Hausawa da yawa da suka zo aikin hajji sun zauna a nan, har yau zuriyarsu na nan. Na biyu, garin yana bakin Bahar Maliya, saboda haka ya haɗa abu uku da su ke wahalar da keji da abin da ke cikinsa, watau gishiri, da laima, da zafi. Abin da muka koya a Jidda zai yi mana amfani a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi.

Bari mu fara da asalin abin. A ƙasar Hausa yara sun daɗe suna yi wa kanari keji da karan dawa, mata kuma suna kifa wa 'yan tsaki kwando, ko su gina wa kaji akurki na ƙasa. Ragar waya kuwa baƙuwa ce. A shekarar 1844 wani mai sana'ar ƙarfe a birnin Norwich na Ingila, sunansa Charles Barnard, ya ƙera injin da ke saƙa waya. Garinsu garin masaƙa ne, shi ya sa ya kwaikwayi yadda a ke saƙa tufa. Ragar nan mai idanu masu kusurwa shida, wadda mu ke kira wayar kaji, daga nan ta samo asali. Daga baya aka sami wata iri mai ƙarfi, wadda a ke gitta wayoyi a kan juna, a haɗa su da walda a kowace mahaɗa. Yawancin kejunan da a ke sayarwa a kasuwar tsuntsaye ta kudancin Jidda da a kantunan cikin gari irin wannan ne.

Amfanin waya a fili ya ke. Iska tana ratsa ta, haske yana shiga, mai kiwo yana ganin dabbarsa ba sai ya buɗe ƙofa ba. Ba ta ɓoye ƙuma da ƙwarƙwata kamar yadda tsagar katako da kara su ke yi, gara ba ta cin ta, kuma tana wankuwa. Amma fa kowane ɗaya daga cikin waɗannan amfanoni yana tafe da nasa haɗari, kuma su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na fari shi ne tsatsa. Mene ne tsatsa? Baƙin ƙarfe ba ya tsatsa sai abu biyu sun haɗu a kansa, watau ruwa da wani sashe na iskar da mu ke shaƙa, wanda a ke kira oksijin. In sun haɗu, sai ƙarfen ya riƙa sakin waɗansu ƙananan ƙwayoyin lantarki, ya haɗu da oksijin, ya koma jan garin nan mai marmashewa. Gishiri ba shi ne ke cin ƙarfe da kansa ba, amma ruwan da ke da gishiri yana ɗaukar lantarki da sauƙi fiye da ruwan daɗi, don haka sai aikin ya yi sauri. Gishiri kuma yana jan danshi daga iska ya riƙe shi. To, a Jidda ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, amma iskar teku tana ɗauke da ɓurɓushin gishiri, dare kuma yana zuwa da raɓa. Saboda haka kejin da ke kan soro ko a baranda kullum yana cikin jiƙa, ko da ba a ga ɗigon ruwa ba.

Ga wani gwaji da kowane ɗan makaranta zai iya yi a gida. A sami kofi uku da ƙusa uku sababbi, a goge su da yashi. A sa ta fari a busasshen kofi, ta biyu a cikin ruwan sha, ta uku a cikin ruwan da aka zuba wa gishiri, a bar rabin ƙusar a waje. A riƙa dubawa kowace safiya har mako guda. Wanda ya yi wannan ba ya bukatar a sake yi masa bayani.

Maganin da masana suka samo shi ne a rufe wayar da wani ƙarfe mai suna tutiya, irin wanda ke jikin kwanon rufi da bokiti. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel shi ne ya yi rajistar wannan dabara wajen shekarar 1837. A kan narka tutiya har zafinta ya kai kamar digiri 450 a ma'aunin Selsiyos, sa'an nan a tsoma ƙarfen a ciki. Abin mamaki a nan shi ne, tutiya ba riga ce kawai ba. Ta fi baƙin ƙarfe saurin sakin ƙwayoyin lantarkin nan, saboda haka ko an karce wayar, tutiyar da ke kewaye da wurin ita ce ke lalacewa a madadin ƙarfen, har sai ta ƙare. Sa'ad da ta ƙare kuwa, jar tsatsa ta fito. Wannan ya sa mai saye ya kamata ya dubi mahaɗar wayoyi. In an tsoma ragar a tutiya bayan an gama walda, za a ga mahaɗar a rufe sumul. In kuwa an yi walda ne bayan an shafa tutiyar, to, wuta ta ƙone ta a daidai wurin, kuma daga nan tsatsa za ta fara. Ta biyun ta fi araha, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Darasi na biyu ya fito ne daga cikin na fari. Tutiyar da ke kare ƙarfe tana iya zama guba ga tsuntsu. Jiki yana bukatar ɗan kaɗan daga cikinta, amma in ta yi yawa sai ta ɓata ciki da ƙoda da jini. Aku da tsirya da 'yan uwansu suna hawa da baki, suna tauna duk abin da suka samu. In waya sabuwa ce, akwai ɗigo-ɗigon tutiya da suka daskare a jikinta, da wani farin gari da ke fitowa in ta sha danshi. Tsuntsu ya ɓantara ya haɗiye. Likitocin dabbobi suna kiran wannan ciwon sabuwar waya. Alamunsa su ne kasala, da ƙin abinci, da yawan shan ruwa, da amai, da zawo mai kore, da rama, wani lokaci har da farfaɗiya. Wanda ya ga haka bayan ya sauya wa tsuntsunsa keji, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, ya fitar da shi daga kejin, ya kai shi wurin likitan dabbobi, gama akwai allurar da ke kama ƙarfen ta fitar da shi daga jini in an zo da wuri.

Rigakafi dai ya fi magani. Sabuwar raga, a kankare ɗigon da ke jikinta, a goge ta da buroshin ƙarfe da ruwan khal, a ɗauraye, a shanya. Wannan yana rage haɗarin, ba ya kawar da shi duka. Kada kuma a zuba ruwan sha ko 'ya'yan itace masu tsami a cikin kwanon da aka shafa wa tutiya. Tsohon fenti da abin liƙin gwangwani su ma abin tsoro ne, domin sau da yawa akwai dalma a cikinsu, dalma kuwa ta fi tutiya mugunta. Ga tsuntsu mai tauna, babu kamar ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a birnin Sheffield a 1913. A cikinsa akwai wani ma'adini mai suna kuromiyam, fiye da kashi 10 cikin 100, wanda ke yi masa wata siririyar fata da ido ba ya gani, in an karce ta kuma ta sake rufewa da kanta. Yana da tsada, amma aku yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye a hannun mai kula da shi, don haka sai a auna tsadar da tsawon zaman.

Darasi na uku shi ne zafi. A watan Yuni na 2010 ma'aunin zafi a Jidda ya kai digiri 52. Mu 'yan Adam in mun ji zafi sai mu yi gumi, gumin ya bushe, ya tafi da zafin. Tsuntsu ba ya gumi ko kaɗan. Zafin jikinsa ma tun asali ya fi namu, tsakanin digiri 40 da 42 ya ke, saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da halaka ba ta da yawa. Dabararsa ita ce ya buɗe baki ya yi ta haki, ya saki fikafikai, domin ruwan da ke maƙogwaronsa ya bushe ya sanyaya shi. To, a nan ne laima ta ke yin ɓarna. In iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, kamar yadda ta kan yi a Jidda a ƙarshen bazara, ruwan maƙogwaron ba ya bushewa da sauri, sai hakin ya zama wahala kawai. Zomo ya fi tsuntsu rauni a nan, gama yana sanye da gashi mai kauri, ta kunnuwansa ya ke fitar da yawancin zafi. Da zarar zafi ya haura digiri 30 ya shiga wahala, in ya kai 35 yana iya mutuwa.

Dabbar da ke sake ta san inda inuwa ta ke. Zomo ya shiga rami, kaza ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta, tsuntsu ya shige cikin ganye. Wadda ke cikin keji kuwa ba ta da zaɓi sai wanda mai ita ya yi mata. Inuwa kuma tana tafiya. Wurin da ke da inuwa da hantsi, kafin azahar ya zama tanda. Saboda haka a dubi wurin da safe, a dube shi da rana tsaka, a dube shi da la'asar, kafin a rataye keji. In rufin kwano ne, a shimfiɗa masa tabarma ko kaba ko katako, domin ƙarfe yana wuce da zafi sau ɗaruruwa fiye da itace. A sa ruwan sha mazubi biyu, ko ɗaya zai kife. Wanda ya shigar da keji ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kada ya ajiye shi a daidai bakin iskar. A ƙasar Hausa kuma, in hunturu ya kama, a rufe gefen da iska ke bugowa da buhu, musamman da dare.

A nan ya kamata mu faɗi wani abu game da numfashin tsuntsu. Ban da huhu, yawancin tsuntsaye suna da jakunkunan iska tara a cikin jiki, waɗanda ke tura iska ta ratsa huhun ba tsayawa. Wannan ne ke ba su ƙarfin tashi, amma shi ne kuma ke sa hayaƙi ya kama su da wuri. Saboda haka ne masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari a keji, in ya faɗi su san muguwar iska ta taso, kuma ba a bar wannan al'ada ba sai a 1986. Turaren wuta, wanda gidajen Jidda da na Hausawa ba sa rabuwa da shi, da hayaƙin taba, da maganin sauro na fesawa, da tururin kaskon suya irin wanda abinci ba ya kamawa in ya yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe ƙaramin tsuntsu. Kada a ajiye keji a ɗakin girki.

Darasi na huɗu shi ne awo. Tsuntsu ba ya tashi tsaye kamar hayaƙi, a kwance ya ke tafiya, daga reshe zuwa reshe. Don haka faɗin keji ya fi tsawonsa sama muhimmanci. Mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi shi ne tsuntsu ya buɗe fikafikansa duka biyu, ya kaɗa su, ya juya, ba tare da ya taɓa waya ba. Tazarar waya kuma a yi ta daidai da kan mai gidan. Ga kanari da ƙananan tsuntsaye, kada ta wuce rabin inci. Ga aku, tsakanin kashi uku cikin huɗu na inci da inci ɗaya, wayar kuma ta zama mai kauri. Duk ramin da kai ya shiga bai fita ba, tarko ne. Wayar kaji mai ido shida tana tsare kaza kada ta fita, amma ba ta hana kare ko muzuru yaga ta, ɓera da ƙaramin maciji kuma suna ratsa idonta. Mai son ya kwana da kwanciyar rai sai ya nemi raga mai walda, mai ido rabin inci.

Sai daɓen keji. An yi shi da waya ne domin kashi ya zuba ƙasa, dabba ta rabu da ƙazantarta, kuma lalle wannan yana rage tsutsar ciki da cutar nan ta zawon jini da ke kashe 'yan tsaki. Amma zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kare da kyanwa, gashi ne kawai tsakanin fatarsa da ƙashi. In ya dawwama a kan siririyar waya, gashin ya zube, dunduniya ta yi gyambo. Maganin abu ne mai sauƙi, a sa masa allon katako a gefe guda inda zai huta. Tsuntsu kuma a sa masa rassan itace masu kauri daban-daban, domin nauyinsa kada ya riƙa sauka a wuri ɗaya na ƙafar kullum.

Darasi na biyar ya shafi lafiyarmu mu kanmu. Kashin da ya taru a ƙarƙashin keji yana fitar da wata iska mai yaji a hanci, sunanta amoniya, wadda ke ƙona ido da huhun dabba, tana kuma cin tutiyar waya. In ya bushe ya zama ƙura, yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da a ke kira zazzaɓin aku. A 1929 da 1930 wannan cuta ta bi tsuntsayen da aka yi fatauci da su daga Amurka ta Kudu zuwa Turai da Amurka, ɗaruruwan mutane suka kamu, fiye da 100 suka mutu. A yau akwai maganinta, amma sai an gaya wa likita cewa akwai tsuntsu a gida. Murar tsuntsaye ma ta kasuwa da keji ta kan bi. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, a watan Disamba na 2017 kuma aka sami wani nau'inta a kasuwar tsuntsaye ta Riyad. Saboda haka a yayyafa ruwa kafin a share kashi, a wanke hannu da sabulu, sabon tsuntsu kuma a ware shi a wani keji dabam kamar wata guda kafin a gama shi da na gida.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, watau shin dabba tana jin ƙuncin keji? Turawa sun yi muhawara mai tsawo a kan haka. Daga wajen 1930 aka fara tsare kaji masu ƙwai a jerin kejunan waya a Amurka, abin ya bazu a duniya. A 1964 wata mata 'yar Ingila, Ruth Harrison, ta rubuta littafi ta bayyana halin da dabbobin nan ke ciki, har gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Brambell. A 1965 kwamitin ya ba da shawara cewa kowace dabba ta sami wurin da za ta tashi tsaye, ta kwanta, ta juya, ta gyara jikinta, ta miƙe gaɓoɓinta. Binciken da ya biyo baya ya nuna kazar da ba ta motsi ƙasusuwanta suna rauni. Ƙasar Suwizalan ta hana irin wannan keji daga 1992, Tarayyar Turai kuma daga farkon 2012. Kafin hanin, rabon kaza guda a Turai murabba'in santimita 550 ne, bai kai faɗin takardar buga wasiƙa ta ofis ba. Sa'udiyya ma a 2013 ta amince da dokar tausaya wa dabbobi ta ƙasashen yankin Tekun Fasha, wadda ta ɗora wa mai dabba alhakin ci da sha da muhallinta.

Aku kuwa nasa ya fi na kowa. Tsuntsu ne mai wayo, mai zama cikin garke. In aka bar shi shi kaɗai babu abin yi, sai ya riƙa tsige gashin jikinsa. Larabawa suna kiransa kasko, suna sonsa ƙwarai, kuma daga dazuzzukan Afirka a ke kamo shi, da yawa suna mutuwa a hanya kafin su isa kasuwa. Wani bincike da aka yi a Gana ya nuna cewa daga 1992 ƙasar ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na akunta. A 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka sa shi a jerin halittun da aka hana cinikin na dajinsu tsakanin ƙasashe. Alhaji ko ɗan kasuwa da ya yi niyyar ɗaukar aku ya ƙetare iyaka ba tare da takardar izini ba, ya sani yana iya rasa tsuntsun, ya kuma shiga hannun hukuma.

Mu Musulmi wannan magana ba sabuwa ba ce a gare mu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Sun kuma ruwaito cewa ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsu da ya ke wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba. Daga nan malamai da yawa suka fahimci cewa ajiye tsuntsu ya halatta, da sharaɗin a sauke hakkinsa. Abin da ilmin kimiyya ya ƙara mana shi ne sanin iyakar hakkin nan da awo, watau inci nawa, digiri nawa, wane irin ƙarfe.

To, jama'a, kafin mu rufe, ga abin da za ku riƙe. Ku dubi mahaɗar waya kafin ku biya kuɗi. Ku wanke sabuwar raga, ku nisanta tsuntsu mai tauna daga tutiya da dalma. Ku bi inuwa daga safe zuwa yamma kafin ku zaɓi wuri. Ku fifita faɗi a kan tsawo, ku auna tazarar waya da kan dabbar. Ku sa allo ko reshe inda ƙafa za ta huta. Ku kwashe kashi kullum, ku ware baƙo. In kuwa mutum ya ga ba zai iya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya bar tsuntsu a inda Allah ya ajiye shi.

Mai tambaya a kan wannan darasi sai ya rubuto mana, za mu amsa gwargwadon iko. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.